Kurwar Yaya Barau

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke bisa ƙasa da abin da ke ƙarƙashinta.

An ce sunana Sallau, kuma in an kira ina amsawa. Haƙar rijiya ce sana'ata, ita na gada, ita kaɗai na iya. Karatuna bai wuce na yin salla da aji uku na firamare ba, saboda haka mai neman daɗin zance ya nemi wani. Ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Mu biyu uwarmu Ige ta haifa, ni da wana Barau. Shekara ashirin da shida muna aiki tare. In ya shiga rami ni ke riƙe igiya, in na shiga shi ke riƙewa. Akwai abin da muka tarar iyayenmu suna yi: in mutum ya fito daga rijiya, ba a kwance masa igiyar ƙugu sai mai riƙon ya ɗora hannu a kansa ya kira shi sau uku da sunan uwarsa, "Wane ɗan wance, ka fito?" shi kuma ya ce, "Na fito." Tsofaffi sun ce jiki ya fi kurwa saurin hawa, sai an jira ta. Ni kuwa na taɓa yin shekara biyu a birni ina bin masu injin burtsatse, na ga suna huda ƙasa gaba ɗari ba wanda ya kira uwar kowa. Tun daga nan na ɗauki abin camfi. Ina yi ne kawai don kada Yaya ya yi faɗa.

A bazarar da abin ya faru, sanƙarau ya ɗauke 'yar Yaya, Lauratu, tana da shekara bakwai. Ita ke nan gare shi, kuma 'yar fari ce. Ka san halinmu: uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya wasa da ita gaban mutane, in ta mutu ba a ganin hawayensa. "Waccan" yake ce mata. Kwana uku da rasuwar ya ɗauki dagi ya ce mu tafi aiki, mutanen Unguwar Kanya na jiran rijiya.

Ranar kwana na goma sha tara da fara aikin, rana tsaka, muna gaba ashirin da biyu, na ji muryarsa daga ƙasa: "Ruwa!" Muka jawo shi ni da mazan unguwa. Mata suka ɗauki guɗa, wani na jan hannuna in zo in sha fura, wani na dukan kafaɗata. Na sa hannu na kwance masa igiya. Ba mantawa na yi ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Na tuna sarai, na ce yau ɗaya dai.

Yaya ya tsaya inda na bar shi. Idonsa a buɗe, ƙuda ya sauka a kan ƙwayar idon bai ƙifta ba. Na ce, "Yaya, ga fura." Shiru. Aka tura shi ya yi taku biyu ya tsaya. Aka zuba masa furar a baki ya haɗiye kamar ana zubawa a tulu. Guɗa ta mutu.

Aka aika gida aka kira matarsa Hajo, aka kuma ɗauko Baba Cindo bisa jaki, wani tsohon maginin rijiya ne da ya makance, tare suka yi aiki da mahaifinmu. Ya shafa fuskar Yaya, ya kara kunne a ƙirjinsa, sannan ya ce, "Wa ya kwance igiyar?"

"Ni ne, Baba."

"Ka kira shi?"

Ya laluba inda muryata take ya sauke mini sanda a ƙwauri.

"Jakin birni! Ga rai nan yana bugawa, amma mai ɗakin ba ya ciki. Kurwarsa ta zauna ƙasa. In ka sauka za ka ga wata kafa a jikin rami inda daginsa ya huda. Ta nan ta bi. Ruwa na hawa yanzu haka, in ya rufe kafar, shi ke nan. Wannan da ke tsaye zai yi ta cin tuwo har ya bushe. Kai ka kwance, kai za ka sauka. Abu ɗaya: ko me aka ce maka can, kada ka kwance igiyar ƙugunka."

Hajo ba ta yi kuka ba. Ta tsaya gabana ta ce, "Sallau, na rasa ɗaya cikin watan nan. In ba ka zo da yayanka ba, kai ma kada ka hau." Ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu, ta shiga sahun maza ta kama igiya.

Na sauka. Ruwa a idon sawu, kafar tana daidai ƙirjina, faɗinta kamar bakin akurki, wata iska mai sanyi na fitowa daga ciki. Na yi bisimilla na cusa kai. Na yi ta jan ciki, igiya na biyo ni, igiyar da na san tsawonta gaba talatin ne amma ta ƙi ƙarewa. Can sai hannuna ya taɓa sarari, na faɗa.

Na tashi a wata ƙasa da ba ta da rana. Hasken daga ƙasa yake tasowa, fari fat, ba shi da ɗumi. Na ɗaga kai, sai na ga ashe samansu ƙasarmu ce. Saiwoyin kuka da na tsamiya na reto kamar gashin da ba a kitsa ba, ga kuma ramuka masu haske birjik, ɗari bisa ɗari. Rijiyoyin duniya ne nake gani ta ƙasa. Guga na saukowa daga wannan, wani na hawa ta waccan, ba ƙara ko kaɗan.

Ban yi taku hamsin ba na tarar da wata tsohuwa zaune a tsakiyar hanya tana tankaɗe. Hannuwanta huɗu, biyu na riƙe da rariya, biyu na zuba yashi. Kewaye da ita duk abin da ya taɓa faɗawa rijiya ne: zobba, allurai, yagaggun guguna, takalman yara. A bayanta wani tsibin fararen tsakuwoyi ya kai tsawon dutse.

Na ce, "Salamu alaikum, Kaka."

Ba ta ɗago ba. "Aminci ga wanda ya zo da ƙafarsa. Ya kai ɗan Adam mai igiya a ƙugu, me ya faɗo maka?"

"Wana."

"Ya wuce nan da rana tsaka, kuma bai yi mini gardama ba. Ka sani, ba a wuce rariyata da suna. Durƙusa."

"In na ƙi fa?"

"Sai ka koma ka gaya wa matar da ke jan igiyar can."

Na durƙusa. Ta kifa mini rariyar a ka ta girgiza sau ɗaya. Na ji wani abu ya fice ta bayan kunnena, ya faɗi ƙasa, ƙwas. 'Yar farar tsakuwa ce. Ta ɗauka ta wurga kan tsibin ba tare da ta duba ba. Na buɗe baki in faɗi sunana, sai na ji wurin fayau, kamar gurbin haƙorin da aka cire. Na san ni maginin rijiya ne, na san uwata, na san abin da ya kawo ni. Amma abin da ake kirana, babu.

"In na dawo za ki ba ni?"

"In ka gane naka a cikinsu, ɗauka," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗe.

Na wuce. Gaba kaɗan na iske kogi, baƙi, ba ya gudu. An gitta masa itace ɗaya tak, irin wanda ake sawa a bakin rijiya, duk igiya ta ci shi ta yi masa tsagogi. Na hau. Ina kaiwa tsakiya na yi wauta na dubi ƙasa.

Kogin fuskoki ne. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ya ga kansa, ashe fuskar ba ta tafiya, nan take tarowa. Suna kwance bisa ruwa kamar ganyen bado, maza, mata, jarirai da aka ɗaga aka nuna musu ruwa, duk idonsu a kaina. Sai guda ta ratso ta tsaya daidai ƙafata. Na san tsagar kumatun nan, na san karyayyen haƙorin nan. Tawa ce.

Ta ce, "Ya kai gangar jiki, ina za ka ba tare da ni ba?"

Na ce, "Ke ruwa ce. Matsa."

"Shekara arba'in da biyar kana leƙo ni, kullum kana bar mini kaɗan. Yanzu ni na fi ka yawa. Sunanka yana kan tsibi, kamanninka suna nan wurina. To gaya mini, mene ne wannan da ke tafiya bisa itace?"

Ni mutum ne da ban taɓa zama na tambayi kaina ko ni wane ne ba, aikin malamai ne wannan. Ina cikin neman abin faɗa ƙafata ta zame. Na tafi ƙasa, ruwa ya kai ni cinya, fuskokin nan suka yo kaina suna tsotsar ƙafafuna da leɓɓa masu sanyi. Tawa ta hau ƙirjina tana neman manne mini. Na yi ihu irin wanda ban taɓa yi ba tun ina yaro.

Sai igiyar ƙuguna ta miƙe, ta ɗaure tamau. Wasu can sama sun ji nauyi sun ja. Na kama itacen na hau, na dubi fuskar na ce, "Ban san mene ne ba. Amma akwai masu riƙe da shi." Na tofa mata yawu. Ta nutse tana kallona. Tun daga ranar, in na leƙa ruwa sama kawai nake gani da gajimare. Ko madubi ba ya nuna ni, aski ma da laluben hannu nake duba shi.

Ƙetaren kogin birni ne, ganuwarsa ta ɗanyen yumɓu, tana zufa. Ba hayaƙi, ba kukan akuya, ba ƙarar turmi. A bakin fada wasu kwaɗi biyu ne zaune, kowanne ya kai bijimi, maƙogwaronsu na hawa da sauka. Suka dubi igiyata, suka buɗe hanya.

Sarkin Idon Ruwa na zaune cikin wani tafki a tsakiyar fada. Daga ƙugu zuwa sama mutum ne, tsoho, gemunsa gansakuka kore shar. Daga ƙugu zuwa ƙasa farin kada ne. Ruwa na ɓuɓɓugowa daga tafin hannunsa ba ya tsayawa. Na zube na yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, sarkin abin da ke ƙasa. Ni baƙo ne, ba ni da ko sunan da zan gabatar. Kurwar wana na zo nema."

Muryarsa kamar guga na cika. "Ya kai marar suna, marar fuska, ka ji da kyau. Rai na Mai rai ne, ba mu taɓa shi, matattu kuma ba nan suke zuwa ba, suna da tasu hanyar. Mu abin da ya faɗo kawai muke ajiyewa. Wanka ya daɗe a gindin raminku yana sauraron ko za a kira shi. Ba a kira ba. Wa ya yi sakaci?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka faɗi gaskiya, saboda haka zan ba ka zaɓi ɗaya. Ɗaya, ba biyu ba. Ka shiga filin kurwoyi ka ɗauki ta wanka. Amma in ka ɗauki ta wani, ita za ta shiga jikin wanka, ta ci tuwonsa, ta kwana a ɗakinsa, ta dube ka da idonsa har ku mutu. Ka yarda?"

Na ce na yarda.

Ya ja jiki ya fito daga tafkin, ya kai ni bayan fada. Fili ne da ido ba ya ganin ƙarshensa, cike da kurwoyi, dubbai. Kamar tururin tukunya suke, amma da siffar mutum: ga kai, ga kafaɗa, ga hannu, sai dai fuskar sumul kamar bayan ƙwarya. Wasu na zaune, wasu na yawo a hankali. Ba babba ba yaro, ba mai kuɗi ba talaka. Wani irin kwanciyar hankali ne a wurin da ya fi ihu ban tsoro.

Na cika ƙirji na ce, "Barau!" Ko ɗaya ba ta motsa ba. Ashe nasa sunan ma yana kan tsibi. Na ce, "Yaya!" Sai wajen ɗari uku suka juyo da sumul ɗin kawunansu gaba ɗaya. Na ja da baya har na taka wutsiyar sarki.

Na shiga bin su sahu-sahu. Yaya dogo ne, amma nan duk tsawonsu na canzawa kamar hayaƙi. Yana da tabon dagi a ƙafa, nan ba fata. Yana da tari, nan ba ƙirji. Duk abin da na san wana da shi, na jiki ne. Shekara arba'in da biyar tare, ashe buhun kawai na sani, ban san abin da ke ciki ba. Ina cikin haka na ji sanyi a sawuna: ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙasa. Aka fizgi igiyata sau uku. Baba Cindo ne ke gaya mini ruwa ya kusa kafa.

Na fara gudu tsakaninsu ina leƙa wannan ina leƙa waccan, ina ratsa su kamar hazo. Sai can gefe na hangi wata tana tafiya ita kaɗai. Tafiyar ce ta tsayar da ni. Takunta gajeru ne, ba su dace da tsawonta ba, kamar mai jiran wani ƙarami. Hannunta na hagu ya sauka ƙasa, yatsun a lanƙwashe, suna riƙe da abin da babu.

Na taɓa ganin wannan tafiyar sau ɗaya. Daminar bara ce, ina bayan dawa a gonarmu, na hango Yaya a 'yar siririyar hanya inda yake zaton ba kowa. Yana riƙe da hannun Lauratu, tana ta zuba masa surutu, shi kuma ya rage taku don ta. Na yi tari, ya saki hannun kamar ya taɓa wuta. Ba mu taɓa yin zancen ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ce."

Sarki ya ce, "Ka zaɓa. Ɗauke ta."

Na kai hannu, hannuna ya wuce ta cikinta. Na zagaya mata ragowar igiyata, igiyar ta faɗi ƙasa. Na sake, na sake. Ruwa ya kai ƙwauri.

"Ba ta da nauyi," in ji sarki. "Ya kai marar suna, mu ba mu tsare kowa ba. Duk wadda ka gani nan, kaya ta sauke. Igiya ba ta kama abin da ba shi da nauyi, sai ka mayar mata da kayanta. Amma kafin nan, tambaye ta ko tana so."

Na tsaya gabanta na ce, "Yaya, ni ne ƙanenka. Za ka koma gida?"

Muryar ta fito siririya, ba daga baki ba. "Ina ne gida? Nan babu zafi."

"Hannun wa kake riƙe?"

"Ban sani ba. Amma yana da ɗumi."

Sarki ya matso kusa da kunnena, warin laka na fita daga gemunsa. "Ka ji da kunnenka. Kwana ashirin da biyu yana haɗiye wuta a can samanku, al'adarku ta hana shi ko tari. Nan ya huta. Wace irin ƙauna ce za ta sa ka mayar da shi? Ka bar shi. In kuma kunyar komawa kake ji, kwance igiyar ka zauna kusa da shi. Kai ma ai ka gaji."

Ba zan ɓoye ba, hannuna ya kai kan ƙullin. Maganarsa ba ƙarya a ciki. Na tsaya ina kallon abin nan mai tafiya da gajerun taku, ba ya jin ciwo, ba ya jin yunwa, bai san ni ba, bai san Hajo ba, bai ma san wadda yake riƙe da ita ba. Na tambayi kaina, wannan Yaya ne? Hutawa dai ana hutawa, amma wane ne ke hutawar? Ni dai ban ga kowa a wurin ba.

Na ɗauke hannu daga ƙullin. Abin da na yi bayan nan shi ne mafi muni da na taɓa yi wa ɗan Adam.

Na ce, "Babu kowa a hannunka. 'Yarka ce, ta fari, kuma ta mutu. Sanƙarau ya kama ta ranar Lahadi, ya kashe ta ranar Talata. Wuyanta ya sanƙare, tana ta kiran Baba, Baba, kana tsaye a zaure kana ji, ba ka shiga ba don kada a ce ka yi rashin kunya. Da ka shiga, an riga an rufe mata ido."

Tafiyar ta tsaya. Yatsun nan suka buɗe, suka rufe, suka lalubi iska. Sai na ga sumul ɗin fuskar ya fara tsagewa. Baki ya fara fitowa, a buɗe. Sannan ido. Sannan tsagar gidanmu a kumatu. Wana Barau ya dube ni, ya kurma ihun da ya sa ƙasa ta zubo daga saiwoyin sama.

"Lauratu!"

Ran nan na fara jin sunan a bakinsa.

Fili ya hargitse. Kurwoyi suka watse, wasu suka fara laluben hannuwansu kamar masu neman abin da suka yar. Sarki ya daki ƙasa da wutsiya, ya daka tsawa: "Ka kawo kuka garin da ba a kuka! Fita, kai da kayanka, kafin ruwana ya riga ka!" Ya buɗe tafukansa duka biyu, ruwa ya ɓalle.

Na sungumi Yaya na goya, na ɗaure da igiya. Yanzu kam igiya ta kama. Nauyinsa ya fi buhun gishiri biyu, kuma kowane taku ƙaruwa yake. Yana dukan bayana yana cewa, "Sauke ni! Mugu, sauke ni!" Na ratsa tsakanin kwaɗin nan suna kai mini harshe. A kogi ruwa ya shafe itacen, na runtse ido na bi tsagogin igiya da yatsun ƙafa, fuskoki na goga mini leɓe a gwiwa. Na iske tsohuwa ta hau kan tsibinta da rariya. Na dubi fararen tsakuwoyin nan, dubu kan dubu, duk iri ɗaya.

"Tsaya ka nema mana," in ji ta, tana dariya.

Ban tsaya ba. Na kama saiwa na hau zuwa kafar da na faɗo, na cusa kai, ruwa na bina ta baya, wani na tarye ni ta gaba. Ƙarshen hanyar cikin ruwa na yi shi, ba numfashi. Na fizgi igiya da sauran ƙarfina, aka ja.

Da na buɗe ido la'asar ta yi, ina kwance a bakin rijiya, mutane sun kewaye ni. Ba wanda ke ganin abin da ke bayana, amma na kasa miƙewa saboda nauyi. Baba Cindo ya lalubo kaina ya ce, "Sallau ɗan Ige, ka fito?" Na waiwaya in ga wa ake kira. Hajo ta daka mini tsawa, "Kai ne, amsa mana!" Na amsa. Har yau haka nake amsawa, kamar mai sanye da rigar aro.

Aka jawo jikin Yaya kusa, aka mayar masa da igiya a ƙugu, aka ɗora hannuna a kansa. Na kira na farko, shiru. Na kira na biyu, na ji bayana ya yi sakayau. A na uku leɓensa ya motsa, ya ce, "Na fito." Sai ya zube ƙasa yana birgima yana kiran sunan 'yarsa a gaban duk Unguwar Kanya. Dattawa suka sunkuyar da kai. Hajo ta durƙusa ta rungume kansa, sai a lokacin nata kukan ya zo.

Wata biyu Yaya bai yi mini magana ba. In na shigo ta zaure, ya fita ta baya. Ya rame, ba ya barci sosai, wani lokaci yana cin tuwo sai hawaye. Ni kuma tsoro bai bar ni ba, don kullum ina satar kallonsa in ga ko shi ɗin ne na ɗauko. Na je wurin liman na tambaye shi mece ce kurwa, mene ne rai. Ya ce abin da aka sanar da mutane game da wannan kaɗan ne, in je in yi ta istigfari. Na yi. Amma ni abin da na ɗauka a bayana na san nauyinsa, kuma na san da me aka auna shi.

Ran wata Alhamis da hantsi ina wasa dagi a ƙofar gida, sai inuwa ta rufe ni. Yaya ne. Ya zauna a kan dakali.

"Can ƙasa ba na jin komai," in ji shi. "Ka san haka?"

"Na sani, Yaya."

"Duk da haka ka faɗa mini. Har da zancen zaure."

"Na faɗa."

"Don ni ka yi, ko don kanka?"

Na so in ce don Hajo. Na so in ce don Allah. Na ajiye dagin na ce, "Don kaina. Ba ni da wani wa."

Ya yi tsaki. "Tun kana yaro ba ka da kai. Ban gode maka ba, kada ka zauna jira." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Tashi ka raka ni maƙabarta. Ranar jana'iza can baya na tsaya, ban ga inda aka sa ta ba."

Muka tafi, yana gaba ina baya. Damina ta sauka, ciyawa ta rufe ko'ina. Ya tsaya a tsakiyar kaburbura yana dube-dube, sannan ya juyo.

"Wanne ne?"

Na nuna masa ɗan gajeren da ke gindin aduwa. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya fara cire ciyawar da hannu, ɗaya bayan ɗaya.